Baƙaƙe Biyar Babu Wasali

Da sunan Allah nake buɗe kowace takarda kafin in ɗora mata baƙi. Haka aka koya mini, kuma da shi na buɗe wannan.

Mahaifina malamin allo ne a Badagishiri, da rani kuma manomin albasa a fadama. 'Ya'yansa maza sun zo a makare, saboda haka ni ya zaunar kusa da buzunsa tun ina ƙarama, ya riƙe hannuna a kan alƙalamin kara har na iya jan baƙi ni kaɗai. Da na yi sauka bai sallame ni ba. Ya ce wanda ya iya rubuta maganar Larabawa bai kamata maganar bakinsa ta gagare shi ba, sai ya koya mini ajami. Ya yanka mini takardu, ya sa baduku ya yi musu bangon fata, ya ce ga kundina. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma ba ya sassauta ta: baƙi da baƙar tawada, wasali da ja. Baƙar a gida muke dafa abarmu. Jar kuwa gari ce da ake sayowa kasuwa a ƙunshi, a jiƙa da ruwa.

Tun daga nan nake rubuta abin da ya wuce ta gabana. Ranar da na haifi kowane ɗa, da lokacin. Ranar ruwan shuka. Shekarar da kwari ya cika ya binne rijiyoyin lambu. Wanda ya rasu da wanda ya yi masa wanka. Ba don kowa nake yi ba, hannuna ne ya saba. 'Ya'yana da suka shiga lakwal, makarantar boko, suka sa wa kundin suna buron Inna, wato ofishin Inna. In wani ya ɓatar da takalminsa, sai ɗan'uwansa ya ce masa ya je ya tambaya a buro. Nakan yi dariya tare da su, in mayar da abina cikin gafaka in rataye.

Wadda ta fi kowa wannan tsokana ita ce ɗiyata ta huɗu. Ita ta fi su nisa a lakwal, ita kuma ta fi su baki. Ta yi aure a Ƙonni, mijinta direban babbar mota ne, yana ɗaukar siminti daga Malbaza, in kaka ta yi ya ɗauki albasa. Da cikinta na fari ya kai wata bakwai sai ta dawo gida goyon ciki, kamar yadda ake yi. A wurin awo aka ce mana ɗan kwance yake a gicciye. Aka ce a jira, wataƙila ya juya, in bai juya ba sai an yi mata aiki an ciro shi.

Wannan kalma ta aiki ta zauna mini a ƙirji, domin na san abin da na gani. Akwai wata maƙwabciyarmu, shekaru da yawa baya, da aka yi wa aikin haihuwa ta dawo gida tana tafiya da ƙafarta. Muka yi barka, muka ci, muka watse. Kwana biyar tsakani ɗinkin ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe ta, ɗakin ya ɗauki wani wari da har yau in na tuna sai in ji shi a hancina. Ina cikin masu wanke mata zannuwa. Allah ya yi da sauran kwananta, amma wata uku ta yi a kwance, jaririyar ma wata ce ta shayar da ita. Daga wannan rana na gane ba wuƙar ce abin tsoro ba. Abin da ke biyo bayan wuƙa shi ne.

Ɗan bai juya ba. Wata ranar Alhamis da hantsi, tana zaune tana zagar zogale a faifai, sai faya ta fashe. Muka tafi likitar garinmu, ɗan asibitin da muke da shi. Majo, wato babban mai jinya na wurin, ya duba ya ce har yanzu a gicciye yake, ba zai riƙe mu ba, ya sa aka fito da mota. Na shiga ɗaki na ɗebi zannuwa da kwano da buta, na sauko da gafakata. Ba wani tunani na yi ba. So nake in rubuta lokacin da jikana zai faɗo duniya, kamar yadda na rubuta na uwarsa.

Muka bi hanya, muka karya ta Tsarnawa, muka shiga Ƙonni rana ta kusa tsakiya. Mijinta na bakin ƙofar gidan likita, ɗan kabu-kabu ya sauke shi, ƙurar siminti har cikin girarsa. Ya durƙusa ya gaishe ni yana kallon ƙasa, na amsa ina kallon bango. Haka muke da shi tun auren. Shekara biyu, maganar da ta taɓa haɗa mu ba ta wuce gaisuwa ba.

Aka kwantar da ita a wani ɗaki da ke kusa da ɗakin aikin. Wata ungozomar likita, yarinya ce siririya mai saurin hannu, ta sa mata ƙarin ruwa, ta ɗauko takarda ta shiga tambaya, rabi Hausa rabi Faransanci. Ɗiyata na amsa wasu, wasu kuma in ciwo ya taso sai mijin ya amsa daga bakin ƙofa. Ni na koma lungu na zauna a kan ƙullin kayanmu. Uwa ba ta rawar jiki a kan naƙudar ɗiyarta a gaban mutane, balle gaban suruki. Na riƙe carbina na yi kamar rakiya kawai na zo.

Cikin tambayoyin na ji ungozomar ta ce, "Tana da alerji?"

Ɗiyata ta girgiza kai. Mijin ya ce babu, lafiyarta lau, ko ciwon kai ba ta cika yi ba. Ni kuwa ban san kalmar ba. Na ɗauka sunan wata cuta ce irin farfaɗiya ko ciwon suga, na ce a zuciyata Allah ya raba mu da ita, na ci gaba da jan carbi.

Sai ungozomar ta jawo faranti. Ta ɗauki wata 'yar kwalba mai farin gari a ciki, ta zuƙo ruwa da allura ta tsira a murfin, ta shiga girgizawa tsakanin yatsunta biyu, tana buga gindin kwalbar da farce. Wannan 'yar ƙarar ce ta tashe ni. Na san ta. Na taɓa zama a kan benci ina jin ta, da wannan yarinya a kan cinyata.

Tana da shekara shida lokacin, ko bakwai. Ta taka guntun ƙarfe a lambu, ƙafar ta kumbura ta yi mugunya. Na kai ta likitar garinmu, wurin wani tsohon majo da ya daɗe da rasuwa yanzu, Allah ya jiƙansa. Ya girgiza kwalba irin wannan, ya yi mata allura a ɗuwawu. Ba mu kai ga bishiyar da ke bakin ƙofa ba ta fara susa. Kafin in sauke ta in duba, leɓenta ya kumbura, idanunta sun rufe, numfashinta na fita da ƙara kamar ana busa a bakin gora. Na koma da ita a guje, ba ko mayafi. Ya yi mata wata allurar, ya zauna a kanta har la'asar bai je ko'ina ba. Da ta dawo hayyacinta ya kira ni gefe ya ce jininta bai karɓi wannan magani ba, kada in yarda a ƙara ba ta shi har abada, ko allura ko ƙwaya. Ya faɗi sunan sau uku, ya rubuta a karnenta, wato ɗan littafin likita na yara.

A gida wasu suka ce borin jini ne, wasu suka ce iska ta taka a lambu. Yarinya ta warke ta ci gaba da wasanta. Karnen kuwa gara ta cinye shi tare da wasu takardu a cikin adaka. Ita lafiyayya ce, in ban da zazzaɓin damina ba ta kwanciya, sai maganar ta nutse. Ba zan ɓoye ba, na manta. Ita ma ban taɓa zaunar da ita na faɗa mata ba, kuma wannan laifina ne.

Ina zaune a kan ƙullin kaya, abin duk ya dawo mini, in ban da sunan. Na tambayi ungozomar, da murya ƙasa-ƙasa, ko wannan allurar ta mece ce. Ba ta ɗago ba ta ba ni amsa, amma amsa ce mai kyau. Ta ce maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ana sa shi a jini kafin a yanka, don in wuƙa ta buɗe jiki ta tarar da magani ya riga ya tsare wurin, ɗinki ba zai ruɓe ba. Ta ce ga wadda fayarta ta fashe tun safe ma ya fi zama dole.

Nan na rasa inda zan sa kaina. Ga maganin da zai hana ɗiyata zama irin maƙwabciyarmu. Ga kuma leɓen nan da na gani ya kumbura. In na yi shiru, wataƙila shi ne. In na yi magana, wataƙila ba shi ba ne, in sa a shiga da ita babu tsari, ko in ɓata musu lokaci ɗa na gicciye a ciki. Ga surukina a bakin ƙofa ya riga ya ce babu, ni kuma zan tashi a gaban baƙi in ce akwai.

Ta zuƙe maganin cikin allura, ta kama robar da ke hannun ɗiyata. Na ji bakina ya ce wa ungozomar, "Ɗiyata, dakata."

Ta dube ni. Na ce akwai wata allura da aka hana yi wa yarinyar nan tun tana ƙarama, irin wadda ake girgizawa. Ta ce masu girgizawa suna da yawa, mi ne ne sunanta? Na ce yana rubuce. Ta miƙo hannu a ba ta karne. Ni kuma na jawo gafaka na fito da kundi.

Ɗiyata, da ke cije leɓe a kan gado, ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Inna, har nan kika zo da buro?"

Ban kula ta ba. Na san abin ya faru shekarar da kwari ya binne rijiyoyi, don a cikin yashin da ruwa ya kawo ƙarfen yake. Na bi takardun da yatsa har na kai wurin. Baƙar tawada tana nan daram kamar jiya na rubuta. Jar kuwa ta tafi. Babu wasali ko ɗaya a shafin, sai ɗan dishi-dishi kamar inda ƙuda ya sauka ya tashi.

Na daɗe da sanin jar tana koɗewa, amma bai taɓa damuna ba. In kalmar Hausa ce, ko babu wasali bakinka zai cika ta da kansa. Na karanta layin a fili ba tare da tuntuɓe ba: majo ya ce kada a ƙara yi mata allurar. Daga nan sai baƙaƙe biyar a jere, tsirara. Fa, nun, sin, lam, nun. Ba Hausa ba ce, ba Larabci ba ce. Kalmar da na ji sau uku ce a bakin wani tsoho, ranar da hankalina ba ya jikina.

Na fara gwadawa. Na sa wasalin bisa, na ce hansalan. Na sa rufu'a, na ce hunsulun. Ungozomar ta ce, "Inna, sunan magani ne wanga ko na aljani?" Ba da raini ta faɗa ba, amma allurar na hannunta, idonta na kan agogo. Na sa wasalin ƙasa, na ce hinsilin.

Ta ce insilin? Ta ce wannan na masu ciwon suga ne, ba a yi wa yaro shi don ya taka ƙarfe, kuma ba ruwansa da wanda ke hannunta. Ta ce in kwantar da hankalina, wataƙila kunnena ne ya ji ba daidai ba a wancan lokaci. Surukina daga bakin ƙofa ya yi gyaran murya. Na san abin da gyaran muryar ke nufi, a bar masu aiki su yi aikinsu. Kunya ta rufe ni. Amma ban rufe kundin ba. Na ce mata kunnena na iya kuskure, hannuna ba ya ƙara abin da bai ji ba, ta zo ta duba da idonta.

Allah ya saka wa ungozomar nan da alheri, ta zo. Ta ce ta yi Islamiyya, tana iya haɗa baƙi. Ta sunkuya ta ce ta ga nun, ta ga sin, ta ga lam, amma na farkon ba ta san shi ba. Na ce fa ce. Ta ce fa ɗigonta a bisa yake. Na ce wannan a rubutunku ne na zamani, mu a allo ƙasa muke sa mata ɗigo.

Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "To in fa ce, don mi kike ta cewa ha?"

Na sake duban baƙin. Gaskiyarta. Mu mutanen nan fa muke rubutawa, ha muke faɗi. Mu rubuta fura mu ce hura, mu rubuta fili mu ce hili, kuma ba mu taɓa jin mun canza komai ba. Wuri ɗaya ne kawai mahaifina ba ya yarda da wannan, wurin karatu. Yakan sa ni in ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa in fitar da iska, in sake, in sake, har fa ta fito fa. Na yi bisimilla a zuci, na ɗora haƙorana a kan leɓe kamar ina gabansa a kan buzu, na bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da wasalin ƙasa. Fi, ni, si, lin.

Wani ya maimaita kalmar a bayana, da irin fashewar leɓen nan ta masu Faransanci, daidai yadda tsohon majo ya faɗe ta. Na waiwaya. Likitan da zai yi aikin ne, ya shigo ban ji shigowarsa ba, da hula da koren kaya. Na ce shi ne, wallahi shi ne.

Hausarsa ta koyo ce, amma yana bin ta a hankali. Ya tambaye ni abin da ya faru bayan allurar, ƙaiƙayi ne kawai ko har da numfashi. Na ce ba sai na dogara da tunanina ba, na karanta masa layin da ke ƙasa: leɓe ya kumbura, ido ya rufe, numfashi ya ƙi sai da ƙyar. Ya yi wa ungozomar magana biyu da Faransanci. Ta ajiye allurar a faranti, ta ture farantin can ƙarshen tebur. Ya ce mini abin da ke cikin allurar ba shi ne ainihin wancan ba, amma gidansu ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, jinin da ya ƙi wancan zai iya ƙin wannan.

Sai ɗayan tsoron ya taso mini. Na ce to yanzu haka za a shiga da ita, babu abin da zai tsare ɗinkin? Ya ce a'a, ba ya sa wuƙa sai magani ya shiga jini, akwai na wani gida dabam. Aka aika farmasi, wurin ba da magani, aka kawo wasu iri biyu, aka sa su ta cikin ƙarin ruwan. Ya tsaya yana kallonta, yana kallon agogo. Ni kuma leɓenta nake kallo. Bai kumbura ba. Da aka zo tura gadon, ungozomar ta ɗauki jan bik, wato biro, ta rubuta wani abu da manyan baƙaƙe a saman takardar ɗiyata, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Na fita na yi alwala na yi azahar a ƙarƙashin wata bishiya, cikin sauran masu jinya. Ban san abin da na karanta ba. Ina zaune ban tashi daga kan abin salla ba aka leƙo aka ce a kawo zane. Namiji ne, da gashi cike da kai. Na tambayi lokaci, na rubuta. Da bik ɗin ungozomar na rubuta, don ban zo da tawada ba. Da aka miƙo mini jaririn na ce masa angon nan ya iya wahalar da mutane, tun bai zo ba ya kwanta a gicciye ya tare hanya, ni ba zan iya da miji mai taurin kai ba. Matan da ke wurin suka ce ai na makara, an riga an ɗaura.

Kwana biyar muka yi. Kullum da safe sai an buɗe ɗinkin an duba, ni kuma ina tsaye ina shaƙar iskar ɗakin a ɓoye, ina neman warin nan. Ban ji shi ba. Ranar sallama likitan ya ba da ƙwayoyin da za ta ƙarasa a gida saboda fayar da ta fashe da wuri, ya ce a sha har su ƙare ko da ta ji garau, kada a jiƙa ɗinkin, kada a sa masa komai. Ya rubuta sunan maganin da aka hana a wata 'yar takarda mai kauri, ya ce ta riƙa yawo da ita. Sannan ya nemi in nuna masa shafin. Ya daɗe yana kallo, ko da yake ba ya karanta ko baƙi ɗaya. Ya tambayi shekarun rubutun, na faɗa masa. Ya ce da kowace uwa na da irin wannan, da aikinsu ya yi sauƙi. Maganar ta yi mini daɗi, kuma har yau tana yi mini.

A gida yayata ce mai wankan jego a danginmu, ita ta yi wa dukanmu. Da na ce ba za a watsa tafasasshen ruwa a cikin ba, ta ce ita ba ta taɓa ganin jego da shafe-shafe ba, wannan ai alwala ce. Muka daidaita. Ta gasa mata baya da ƙafafu da ganye yadda ta saba, cikin kuwa aka bar shi a bushe. Ƙwayoyin na ɗaura su da salla, ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan azahar, ɗaya bayan lisha, ina ja wa kowace layi a kundi.

Ana jibi suna, surukina ya zo da rago. Yana tsakar gida a durƙushe yana gaisuwa sai ga yayata ta fito da wani ƙulli a bakin zane. Kafso ne, ja da rawaya, ta saya wurin masu tallar magani ranar kasuwa. Ta ce a fasa biyu a barbaɗa garin a kan ɗinkin, ɗaya kuma ta haɗiye, kwana biyu ya bushe, haka ake yi wa kowane miki. Na buɗe baki ke nan, sai na ji muryarsa. Kansa na ƙasa, amma da ƙarfi ya yi maganar.

"Iya, a yi haƙuri. Ba a ba ta komi sai an tambayi buron Inna."

Yayata ta ce oho, yanzu har direbobi sun shiga makarantar allo. Ya yi dariya, bai janye ba. Shi da kansa ya karɓi ƙullin ya kai wa majo, tare da 'yar takardar likita. Ya dawo ya tsaya a bakin zaure ya ba da saƙo a faɗa mini, wai majo ya ce 'yan gidan ne, waɗanda aka hana. Yayata ta ce to ita ina ta sani, duk kafso ai kafso ne. Daga baya ita ce ta fi kowa tsare ƙofar ɗakin. Duk mai barkar da ta zo da wani magani a hannu sai ta karɓe ta ce likita ya hana, kamar ita aka faɗa wa.

Ranar da aka koma cire zare ni na raka ta. Majo ya ɗaga bandejin, ya danna gefe da gefe, ya tambaye ta ko da zafi, ta ce babu. Na matso na duba da idona. Layi ne siriri, busasshe, kamar an ja shi da alƙalami. Babu ja, babu ruwa. Na yi hamdala a fili, ban damu da wanda ya ji ba.

A hanyar komawa na tsaya wurin mai tebur na sayi bik biyu, baƙi da ja. Na tambaye shi ko jan yana koɗewa, ya ce bai sani ba, ba a taɓa tambayarsa ba. Saboda haka na ajiye jan. Na saɓa wa ƙa'idar mahaifina, Allah ya gafarta masa, na sa wa baƙaƙen nan biyar wasali da baƙi, na danna sosai. Ɗiyata na zaune gefena tana shayarwa. Ta karɓi bik ɗin ta rubuta sunan da boko a ƙarƙashin nawa, ta ce in nuna mata wace ce fa ɗin. Na nuna mata. Ta ce in sake nuna mata nun. Ba ta ce buro ba ranar.

Tun daga lokacin, in na idar da walaha nakan ɗauki shafi ɗaya ko biyu in mayar musu da wasalinsu. Yawanci ba wuya. Amma na tarar da wurare uku da ban iya ba: sunan wani irin albasa da aka taɓa kawo mana daga Najeriya, sunan wani gari da ƙanena ya je cin rani, da wata kalma da mahaifina ya faɗa mini a ciwonsa na ƙarshe, na rubuta ban tambaye shi ma'anarta ba. Na gwada su da bisa, da ƙasa, da rufu'a, da fa da ha. Na bar su yadda suke.